Namiji Ba Ya Takaba: Yadda Na Hau Dutsen Kwatarkwashi Bayan Rasuwar Mai Ɗakina

Idan miji ya rasu, Shari'a ta yanka wa matarsa wata huɗu da kwana goma. Kowa ya san abin da za ta yi da abin da za ta bari: ba kwalliya, ba turare, ba mai zuwa mata da zancen aure a fili. 'Yan uwa mata su riƙa zuwa taya ta zama, ranar fita a yi sadaka, a ɗinka mata sabbin kaya. Ban ce da sauƙi ba, amma dai hanya ce shararriya, wasu sun bi ta kafin ita. Namiji kuwa kwana uku ne nasa. A shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, a yi ta shafa fatiha, ran na uku a naɗe. Ran na huɗu ana sa ran ganinka a bakin aiki, hularka a daidai.

Ni malamin makaranta ne a Gusau, labarin ƙasa nake koyarwa a sakandare. Mai ɗakina ta rasu ana tsakiyar zafin bazara, bayan doguwar jinyar ciwon ƙoda, wanki bayan wanki, har abin hannunmu ya ƙare. Ta cika da asuba, kafin azahar mun kai ta makwancinta. "Ya muka ji da haƙuri? Allah ya jiƙanta, ya raya abin da ta bari." Na amsa amin har muryata ta dushe, kuma ban raina addu'ar kowa ba, Allah ya saka musu da alheri. Sai dai daga ranar da aka naɗe tabarmi ba wanda ya ƙara yi mini zancenta. In na ɗauko hirarta a majalisa sai fuskoki su canza, wani ya yi maza ya ce Allah ya gafarta mata, a shafa, a koma zancen tsadar taki. Tun kafin arba'in aka fara kawo mini tayi. Wannan yana da ƙanwa bazawara mai hankali, wancan ya san wata malama da ba ta da hayaniya. "Malam, yara suna buƙatar uwa, zaman gwauro ba naka ba ne." Ba mugunta ce ta sa su ba. Abin da muka iya yi wa namijin da ya yi rashi ke nan, a cike masa ɗaki.

Rabon gado ne ya fara karya ni. Malamin unguwa ya zo da almajirinsa, ya ce kafin a taɓa komai sai an fitar da bashi, sannan wasiyya in akwai. Tunda akwai 'ya'ya, rabona rubu'i ne. Iyayenta sun riga ta, don haka sauran na yara ne, namiji rabon mata biyu. Lissafin ba wuya. Wuyar ita ce buɗe akwatuna. Babbar 'yarmu ta ɗaga murfin akwatin atamfofi, ƙamshin turaren wutan da take haɗawa da kanta ya taso ya cika ɗakin, sai na ce musu ina zuwa, na fita na tsaya bayan gida. Da na dawo suka miƙo mini wani littafi mai bangon ja wanda gefensa ya naɗe. Ita ce uwar adashin matan layinmu. Kowane shafi ta ja masa layi da hannu: zubi, kwasa, wadda ta yi nauyi, wadda ta ɗora wa daga aljihunta ba tare da ta faɗa wa kowa ba. Da littafin muka sallami mata, ba wadda ta yi gardama. A shafin ƙarshe, can ƙasa, da biro mai ƙarewa, ta rubuta layi ɗaya: gonar gindin dutse, kada a sayar.

Gonar gadon mahaifinta ce, a Kwatarkwashi, inda aka haife ta. Duk wanda ya taɓa bin hanyar Gusau zuwa Funtuwa ya san garin, ko bai san sunansa ba ya san dutsensa. Yana cikin ƙaramar hukumar Bungudu, kafin ka kai Tsafe. Ka daɗe kana tafiya cikin shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, gonaki da kukoki, kwatsam sai ga ƙaton dutse ya tare rabin sama, gari ya lafe a gindinsa. Duk sanda muka zo wucewa sai ta taɓa gilashin mota ta ce wa yara, "Ga dutsenmu." Tana yi mini tsiya cewa ni da alli nake zana shi a allo ina karɓar albashi, ita kuwa da ƙafa ta san shi tun tana kiwon awaki. Mun sha cewa za mu hau tare. Sai harkar 'yan bindiga ta yi tsanani, har a watan Satumba na 2021 aka datse layukan waya a faɗin Zamfara, aka rufe kasuwannin mako. A lokacin ko gaisuwar surukai sai da dalili mai ƙarfi. Da abin ya ɗan lafa, ciwo ya shigo.

Ina zuwa maƙabarta ranakun Juma'a. Amma kabarinmu ba mai suna ba ne, damina ɗaya ta isa ta kwantar da shi, ciyawa ta rufe, sai da wata bishiyar darbejiya nake gane layin. Kuma in na tsaya a can, ranar ƙarshe kawai nake gani: makara, likkafani, ƙasar da na zuba da hannuna. Ina son in tsaya a wurin da ta yi rayuwa tana da lafiya.

Ban tashi kai tsaye ba, sai da na je wurin malamin da nake ɗaukar karatu a zaurensa. Dalili kuwa, dutsen yana da tarihi. Kafin Musulunci ya kafu sosai a yankin, wurin tsafi ne na Maguzawa, kuma har yau in ka ce za ka hau shi kai kaɗai, ga ka cikin sabon rashi, akwai mai ɗaga gira. Bakin mutane ba a raina shi ba, balle ga malamin makaranta mai 'ya'ya mata. Na ce, "Allah gafarta Malam, ba wani abu zan kai ba, ba wani abu zan roƙo ba. So nake in ga inda ta tashi." Ya yi shiru yana jan carbi, sannan ya ce dutse halittar Allah ne kamar kowane, niyya ake dubawa. Ya tuna mini cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bayan rasuwar Nana Khadija yakan yanka akuya ya aika wa ƙawayenta da naman, yana yawan ambatonta har Nana A'isha ta yi kishi. "To kai wa ya ce maka ka daina ambaton taka? Ka je. Amma kada ka je hannu sake, ka nemi waɗanda take ƙauna ka kai musu wani abu." Ranar ce farko da wani babba ya ba ni izinin kewa.

Shirin tafiyar ya fi tafiyar tsawo. Na jira damina ta ja baya, don dutse mai laima sulɓi gare shi. Na kira ƙanenta, autansu, wanda yake noma gonar. Shi ya tsara komai, ni nawa bi. Ya ce kada in kama hanya da sassafe, kada kuma in bari la'asar ta same ni a kanta. In bari rana ta ɗaga, motocin haya sun fara kai da kawo, in shiga cikinsu. Ya ce in bar motata a gida. Tunda hawa sai da sanyin safiya, dole in kwana. Ya ce zai sanar da mai unguwa, don a wannan zamani baƙon fuska a bisa dutse abin tambaya ne, kuma masu tsaron gari ba su san wasa ba. Sai sharuɗɗan jiki: takalmin roba mai kama ƙasa, ba silifa ba, ruwa gora biyu, riga marar nauyi. Na ƙarshe ya ba ni dariya: "Malam, kak ka sa turare. Akwai zuma cikin kogunna, in sunka ji ƙamshi ba mu da wurin gudu." Na sayi nama, goro, sukari da sabulu. Cikin atamfofin da suka faɗo rabona na ware ɗaya da ba ta kai ga ɗinkawa ba.

Daga Lalan da ke Gusau muka fita, muka wuce Damba, muka wuce jami'ar tarayya da aka kafa a 2013. Shingayen jami'an tsaro, a rage gudu, a leƙo, a ɗaga hannu. Ba mai hira a motar, kowa idonsa na kan daji. An yanke gero an jingina, dawa ta sunkuyar da kai. Tafiyar ba ta da nisa, kafin jiki ya gaji da zama dutsen ya bayyana. Na sha ganinsa, amma ban taɓa ganinsa ba babu mai cewa ga dutsenmu.

Gwaggonta ce ta riƙe ta tun tana ƙarama. Na tuɓe takalmi a bakin ƙofa, na durƙusa daga nesa kamar yadda na saba tun ina neman aure. Tsohuwa ta tsufa, ido ya yi rauni, amma murya na nan. "Malam, kai na? Kun taho lahiya? Ina ɗiyana?" Muka gaisa, muka yi wa juna ta'aziyya sabuwa. Na tura mata ledar kaya. Ta lalubo atamfar, ta kai hanci, ta daɗe a haka. Na yi zaton kuka za ta yi. Sai ta yi dariya ta ce, "Wagga yarinya da son turare! Tun tana ƙarama, in nib ba ta kuɗin tallan hura sai ta rage na turare, in yi ta hwaɗa." Daga nan hira ta ɓalle. Yadda ta taɓa ɓatar da akuya ta ƙi dawowa gida sai da ta gano ta bayan magariba. Yadda ta yi rigima sai an sa ta makarantar boko. Yadda ranar da na fara zuwa zance ta ce wa gwaggo wannan malamin ya cika surutu. Shekaru muna tare, ban taɓa jin ko ɗaya daga ciki ba. Wata maƙwabciya da suka yi wasan gaɗa tare ta shigo, na ba ta nata kason naman, ita ma ta ɗora nata labarin. A tsakar gidan nan ba wanda ya yi saurin shafa fatiha.

Da dare aka shimfiɗa mini a zauren Auta. Wasu dattawa suka zo gaishe da baƙo, hira ta gangaro kan dutsen. Suka yi zancen marigayi Mai Kwatarkwashi, Alhaji Ahmad Umar, wanda ya hau sarauta a 1961 ya rasu a 2022, shekara 61 a kan karaga, har da yawa cikin masu furfura a garin ba su san wani sarki kafin shi ba. Suka yi zancen bikin kamun maiki da kakanninsu suke yi, wanda aka daɗe da bari. A nan kunnena ya tashi, don wannan fannina ne. Maiki babban dangin ungulu ne mai sheƙa a jikin duwatsu masu tsayi, kuma masu nazarin tsuntsaye sun daɗe da sanin dutsen Kwatarkwashi a matsayin wurin da yake taruwa yana ƙyanƙyasa. Tsuntsu ne mai tashi sama fiye da yadda hankali zai ɗauka: a 1973 wani maiki ya yi karo da jirgin sama a sararin Abijan a tsayin mita 11,300. Amma a 2015 ƙungiyar IUCN mai lura da halittu ta sa shi cikin waɗanda suke gab da ƙarewa. Guba da ake sa wa mushe, da masu farautarsa don sayar wa masu magani, sun yi masa illa. Wanda ya girma a ƙasar Hausa ya san ko ungulun mahauta da muka taso muna jifa yanzu sai ka yi shekara ba ka ga ɗaya ba. Wani dattijo ya ce da suna yara in maiki suka tashi da hantsi sai inuwarsu ta riƙa gilmawa a tsakar gida. Na tambaye shi yanzu fa? Ya juya tafin hannu.

Muna sallame asuba muka fita, ni da Auta da wani saurayi ɗan maƙwabta mai yankan ciyawa a can sama. Akwai sanyi-sanyi, hazo bai sauka sosai ba. Farkon hanyar ta ratsa bayan gidaje ne, kashin awaki, ƙaya, manyan duwatsu da suka gangaro tun zamanin da ba wanda ya gani. Nan ba wuya. Wuyar ta fara inda ƙasa ta ƙare, aka shiga kan falalen dutse tsantsa. Abin da nake koya wa yara ke nan: giranit ne, narkakken dutse da ya daskare can cikin ƙasa fiye da shekara miliyan 500, ruwa da iska suka kwashe abin da ya lulluɓe shi har ya fito fili ya tsaya shi kaɗai, irin Kufena ta Zariya. Zafin rana da sanyin dare suna sa fatarsa ta riƙa ɓarewa kamar ɓawon albasa. Na sha faɗin haka a aji. Abin da ban taɓa faɗa musu ba shi ne, in ka taka irin wannan ɓawon yakan yi ƙara ta rami a ƙarƙashin ƙafarka, gabanka ya faɗi. Saurayin ya ce in daina kallon sama, in daina kallon ƙasa, in kalli inda ya ɗauke ƙafa in sa tawa. Busasshiyar ciyawa ita ce abin tsoro, ta fi dutsen sulɓi. A wasu wuraren da hannu da ƙafa na hau, babu batun girma.

Numfashi ya fara gagarata, muka zauna a inuwar wani dutse da ya jingina da ɗan uwansa. A gefe akwai wani kwarmi da ruwan damina ya kwanta a ciki, ya yi kore, gefensa duk sawun awaki. Auta ya nuna shi da sanda. "Nan Yaya ka shayar da bisashe. Ni ina ƙarami, goya ni takai ta hau da ni har nan, in nai kuka ta tsinko man kanya." Ya nuna wata 'yar bishiya da ta fito daga tsagar dutse, saiwoyinta a waje sun rungume dutsen. Na matsa na duba. Ba wani abin kallo ba ne, kwarmi ne da bai fi faɗin tabarma ba, da ƙwari suna yawo a kan ruwan. Na yi ƙoƙarin ganin yarinya 'yar shekara goma da goyo a baya da sanda a hannu, sai na ga fuskar ƙaramar 'yarmu. Matar da na sani mai hawan jini ce, mai ciwon gwiwa, wadda a ƙarshe sai na tallafe ta take kaiwa bakin ƙofa. Ashe jinya ta shafe mini sauran kamanninta, kullum a kwance nake tuna ta.

Muka ci gaba har wani faffaɗan wuri ƙasa da ƙololuwa. Auta ya ce iyakarmu ke nan, ba ya kai baƙo ɗaya gefen da ke fuskantar daji, ni ma ban yi musu ba. Rana ta fito sosai. Daga nan garin duka yana tafin ƙafarka: rufin kwano yana walƙiya, hasumiyar masallaci, hayaƙin girkin safe yana tashi gida-gida. Kwalta ta miƙe baƙa, tireloli suna rarrafe a kanta ba ka jin ƙararsu. Abin mamaki, ƙananan sautuka su ne suke hawowa: dakan turmi, carar zakara, wata uwa tana ƙwala wa ɗanta kira. Gonaki sun bazu har inda ido ya gaza, jan ƙasa inda aka girbe, ruwan ɗorawa inda dawa take tsaye, kukoki da tsamiya a warwatse. Ƙasa mai kyau haka, a ce mutum yana tsoron zuwa gonarsa. A jikin wani bangon dutse da ke miƙe, saurayin ya nuna mini fararen zane da suka zubo daga tsagogi, ya ce kashin manyan tsuntsaye ne. Na ɗaga kai na daɗe ina dubawa. Shirwa biyu na gani suna shawagi.

Auta ya kama hannuna ya nuna can ƙasa, wani ɗan fili mai kuka ɗaya a kusurwa. "Ga gonar nan." Daga sama ba ta fi a rufe ta da babban yatsa ba. Nan ne abin ya zo mini. Ban yi kuka a asibiti ba, ban yi a maƙabarta ba saboda idon jama'a, ban yi a gida ba saboda yara. A nan na zauna a kan dutse na yi shi da sauti, irin wanda rabona da shi tun ina yaro. Saurayin ya matsa can gefe ya kama yankan ciyawarsa. Auta bai ce in yi haƙuri ba, kuma har gobe ina gode masa da wannan. Ya zauna kusa da ni, shi ma yana share nasa da hannun riga. Da Manzon Allah ya rasa ɗansa Ibrahim idanunsa sun zubar da hawaye, ya ce ido yana hawaye, zuciya tana baƙin ciki, amma ba ma faɗin sai abin da Ubangiji ya yarda da shi. Duk mun san hadisin, muna karanta shi a wa'azi, amma a zaman makoki da namiji ya fara share ido sai a ce haba, kai fa babba ne. A ganina mun ɗora wa maza wani nauyi da addini bai ɗora musu ba, muka sa masa suna tawakkali.

Da na natsu muka ɗaga hannu muka yi mata addu'a, da iyayenta, da duk Musulmin da suka riga mu. Addu'a ce irin wadda nake yi mata bayan kowace salla, wurin bai ƙara mata komai ba, ban kuma je don ya ƙara ba. Muka ci ƙuli-ƙuli da dabino, muka sha ruwa. Na ɗauki hotuna saboda babbar 'yarmu ta ce kada in dawo babu su. Auta ya ba ni labarin ranar da ta yi tsere da samarin unguwa zuwa wannan wurin ta riga su, gwaggo ta zane ta da daddare don an ce ba aikin ɗiya mace ba ne. Na yi dariya har da tari.

Saukowa ta fi hawa wuya, duk wanda zai je ya san da haka. Dutsen ya ɗauki zafi, tafin hannu ba ya jure daɗewa a kansa, gwiwoyi suna rawa. A gicciye ake sauka, ba a fuskantar gangare kai tsaye, inda ya yi tsanani kuwa a zauna a ja jiki. Wandona bai tsira ba. Kafin azahar muna ƙasa, muka zarce gonar. Auta ya shuka dawa da wake a ciki. Na faɗa masa abin da ta rubuta a littafin adashi. Ya yi shiru, sannan ya ce dama wani ya taɓa yi masa maganar saye, saboda kusancinta da gari ta yi daraja yanzu da mutane suke gudun gonakin nesa. Na ce gonar ta marayu ce da ni, kuma ba mai sayarwa. Muka yi magana a fili, gaban wani dattijo, don zumunci bai hana ƙa'ida ba: zai ci gaba da nomawa, taki daga wurina, in an girbe a fitar da zakka in ta kai, a raba sauran, kason yara a kai musu Gusau.

Na koma sallama da gwaggo. Ta sa an dama mini fura, ta ƙulla wa yara daddawa da kuka. Ina shirin tashi ta ce in zauna. "Malam, na san ana ta yi maka zancen aure. Ka yi, ba mu hana ka ba, ita ma ba ta so ka zauna haka nan. Amma kak ka bari a kora ka. Kuma wadda duk za ka ɗauko, ka hwaɗa mata gidan ga yana da mai shi da hwarko, ɗiyanta na da dangi." Na ce in sha Allahu, Gwaggo. Daga bakin uwar riƙon marigayiya maganar ba ta yi mini ɗacin da take yi a majalisa ba.

Na samu mota tun rana tana sama, na yi la'asar a Gusau. Yara suka taru a kan waya suna jan hotuna da yatsa. Ƙaramar ta ce ita ba ta yarda Mama ta taɓa tsere wa maza a hawan dutse ba, sai da na kira kawunsu ya faɗa mata da bakinsa, ta karɓe wayar suka shiga tsara yadda za su je. Na ce sai hutun makaranta, in hanya ta yi kyau, kuma iyakarsu kwarmin ruwan nan, ba mai wuce shi. Namijin ya ce shi har sama zai kai. Na ce ya fara tambayar kawunsa.